Akwatin da Malam Isyaku Ya Kai Taron Ibadan

Ku gyara zama, ku ba ni kunnuwanku. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce. Da idona na gani, da hannuna na taɓa.

Abin da ya tayar da maganar, jikata Hauwa ce, wadda ke aikin laburare a wata kwaleji. Ta zo gaishe ni da ƙawayenta biyu, ta ce ta nemi tallafin zuwa taron ma'aikatan laburare, a waya ta cike takardar, kafin ruwan tuwo ya tafasa har ta gama. Ƙawayen suna ta yi mata tsiya, wai ai aikinsu zama ne a inuwa ƙarƙashin fanka, sai kuma a biya maka mota ka je taro ka ci kaza. Na ce mata ta ɗauko alƙalami. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma shekara ashirin da shida na yi a cikin littattafai, kuma na san irin wuyar da muka sha a kan kujera ɗaya a taron nan.

Sunana Asabe. A Roni aka haife ni, gidan dukawa. Mahaifina gafaka yake ɗinka wa malamai, tun ina ƙarama ni ke murza masa zare da kakin zuma. Shekarar da Turawa suka sauke tutarsu na yi haihuwar fari. Bayan yaƙin basasa mai gidana ya rasu, na kwaso yara muka dawo Kazaure wajen yayana, shi ya samo mini shara a kwalejin horon malamai. Aka ba ni tsintsiya da tsumma, aka nuna mini wani ɗaki mai tagogi shida, aka ce nan ne laburare.

Littafin farko da na taɓa ɗinkawa, ni na fasa shi. Ina goge kanta ya suɓuce, ya faɗi ta baya, bango ya yi gabas, takardu suka yi yamma. Na tattara na ɓoye a zanina, na kai gida, na huda shi da basilla na ɗinke kamar takalmi. Da safe na mayar. A ɗakin akwai wani tsoho, Baba Kolo, Babarbare ne, ya yi aiki a gidan ɗab'i a Zariya kafin a kawo shi gyaran littattafai. Ya ɗauki littafin, ya yi ya yi ya buɗe, ya ƙi buɗuwa.

Ya ce, “Wane mugun ne ya ɗinke wa bawan Allahn nan baki?”

Na durƙusa na ce ni ce, Baba.

Ya juya shi, ya duba ƙullin zaren, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, “Aikin banza ne, amma hannun ba na banza ba ne. Gobe in kin gama shara ki zo ki zauna nan.”

Shekara uku na zauna nan ɗin. Wata shida na farko bai bar ni na riƙe allura ba, sai kwance tsohon zare da kankare busasshen gam. Littafi ba a huda shi ta gefe. Takardunsa ƙunshi-ƙunshi suke, kowane ƙunshi a naɗe yake, ta cikin naɗin allura ke bi ta fito, ta kamo na ƙasa da shi, har a kai na ƙarshe. In ka ja zare da ƙarfi, takarda ta yage. In ka sassauta, littafi ya yi ta lilo kamar haƙorin tsohuwa. Kayan aikinmu ba su da yawa: allura biyu, zaren da aka bi da kaki, aska, alawayyo na rufe baya, kwali na bango, da wani ƙashin haƙarƙarin sa da Baba Kolo ya goge har ya yi santsi, da shi ake lallashin takarda ta kwanta. Injin danna littafi ba mu da shi. Duwatsu ne masu faɗi muka zaɓo daga gindin tsaunin bayan makaranta, muka wanke, muka naɗe da tsumma. Littafin da aka liƙa sai ya kwana uku a ƙarƙashin dutse, ba a taɓa shi, ba a ɗaga shi. Wanda ya ɗaga kafin lokaci, bango ya kumbure, aiki ya koma baya.

Sai maganar abin liƙi, mu kunu muke ce masa. Gam ɗin gwangwani tsada gare shi, kuma sai an je Kano. Da garin rogo muke dama namu. To amma abin da ɗan Adam zai iya lasa, kyankyaso ma zai lasa, gara kuwa har ta gayyato danginta. Don haka ba ma damawa da farin ruwa. Sassaƙen maɗaci nake sayowa wajen matan Fulani masu zuwa daga Gwiwa ranar kasuwa, in jiƙa shi kwana biyu har ruwan ya yi ja, in tace, da shi za a dama. Kunun yakan fito ruwan ƙasa, yana bar wa alawayyo tabo, ga wani ɗan wari. Ba shi da kyan gani. Amma ƙwaro bai taɓa waiwayar littafin da ya sha shi ba.

Masu kawo mana aiki kuwa ɗalibai ne, Allah ya shirye su. Wani ya ninke littafi ya cusa a aljihun baya ya hau keke. Wani ya ci ƙosai a kai. Wani ya yi matashin kai da shi. Akwai wani dogo ɗan Yankwashi da ya kawo mini littafin taswira, akuya ta cinye rabin bangon, ya ce wallahi haka ya are shi. Na ce to, ashe akuyar ma ɗaliba ce a nan. Duk wanda ya lalace sai a jefa shi wani lungu da muke kira asibiti. Asibitin nan bai taɓa zama babu majinyata ba.

Da ƙafa ta gagari Baba Kolo ya koma garinsu, aka bar mini allura da ƙashin haƙarƙari. A shekarar aka kawo mana sabon mai kula da laburare, Malam Isyaku, mutumin Babura, siririn saurayi mai tabarau, ya yi kwas na aikin a Zariya. Gwaggo yake ce mini. Shi ya fara gaya mini cewa masu irin aikinsa suna da ƙungiya, kuma duk shekara suna taro a wani babban gari, na jami'o'i da na kwalejoji, kowa ya faɗi abin da ya gano. Manyan makarantu su ke biya wa nasu. Irin namu na ƙauye kuwa, sai dai ka nemi tallafi: kujeru kaɗan ne ƙungiyar ke warewa, ta biya maka jirgin ƙasa da masauki da abinci. Ya ce wanda ya je, an san da ɗakinsa ke nan, ana sa shi cikin jerin waɗanda ake aika wa littattafai da masu duba aiki. Wanda bai je ba, ko ya shekara goma yana jera littafi, a wurinsu babu shi.

Shekarar farko da ya nema, takardar cikewa ta kwana a jakar gidan waya har ranar rufewa ta wuce. Shekara ta biyu ya cike, ya je har Kano ya ɗauki hoto, ya biya aka buga masa a tafireta, sai ga shi shugaban kwaleji ya tafi Hajji, babu mai sa hannu. Malam ya ninke takardar ya sa a aljihu, kwana uku bai karya ba.

Sai shekarar da nake so ku ji. Lokacin kuɗin mai ya shigo, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya sayi babur da rediyo. Gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta, don haka ana neman malamai kamar ruwa a rani. Aka turo mana ɗalibai har wasu suna ɗaukar darasi a gindin bishiya. Wata rana Firinsifal, wato shugaban kwalejin, ya shigo laburare da igiyar awo, yana auna bango. Ni ina lungu ina ɗinki.

Malam ya ce, “Ranka ya daɗe, lafiya?”

“Benci ashirin da huɗu zai ci,” in ji shi. “Isyaku, ba mugunta ba ce. Ina da mutum tamanin da ruwa ke duka. Littattafai a kai sito, in an gina sabon ɗaki a dawo da su.”

Na san siton nan. Dabensa ƙasa ce, gara ta gina gida a kusurwa har ya kai ƙugun mutum. Littafin da ya yi damina ɗaya a ciki, sai dai a share shi da tsintsiya.

Malam ya yi ta roƙo. Daga ƙarshe Firinsifal ya naɗe igiyarsa ya ce, “Ka ce akwai masana da ke taro. To je ka. In ka dawo mini da takarda mai hatimi cewa ɗakin nan laburare ne a idonsu, ina da abin da zan nuna wa ma'aikatar ilimi in ce a gina mini aji. In ba haka ba, ranar Litinin ɗin da aka dawo hutu, benci zai shiga.”

Nan take Malam ya miƙa masa takardar neman tallafi ya sa hannu. Wannan karon bai yarda da jakar gidan waya ta nan ba, da kansa ya hau mota ya kai babban gidan waya na Kano. Muka zauna jira. Kullum in masinja ya shigo da wasiƙu, Malam yakan miƙe tsaye, in babu ya koma ya zauna. Mako ɗaya, shiru. Mako huɗu, shiru. A na bakwai amsa ta zo. An ba shi kujera, taron a Ibadan ne, cikin dogon hutu, tsakiyar damina. Amma da sharaɗi: duk wanda aka biya wa, sai ya zo da abin da zai nuna na aikin ɗakinsa. Shi kuwa ya rubuta musu cewa zai nuna yadda muke gyara littafi ba tare da kayan Turai ba. Suka ce ya kawo goma sha biyu.

Littattafai goma sha biyun nan, ba na manta ranar da na fara su. Na dama kunu na kawo, Malam ya leƙa tukunyar ya yamutsa fuska.

“Gwaggo, wannan karon a yi fari.”

“Farin me, Malam?”

“Kunun. A bar maɗacin nan. Mutanen jami'a ne za su gani, har da Turawa. In na ajiye musu littafi mai tabo kamar an zubar da miyar kuka a kai, dariya za su yi. Ki yi shi fes, kamar na kanti.”

Na ce, “Malam, garin neman gira ake rasa ido.”

Ya ce ai ba zama za su yi ba, makonni kaɗan ne, in an dawo sai in sake su yadda nake so. Shi ne babba a aiki, ni mai shara ce a takarda har lokacin. Na zubar da na maɗaci, na dama da farin ruwa. Gaskiya sun yi kyau. Alawayyo fari tas, baya a miƙe, in ka buɗe su kwanta kamar an shimfiɗa tabarma. Malam ya samo akwatin katako na sabulu, muka jera su. Sai aka sami ɗan gurbi a gefe, suna motsi. Na ɗauko wani tsohon ƙamus da na gyara tun bara da kunun maɗaci, na cusa don ya toshe gurbin. Na ce a ɗora akwatin a kan tebur, a sa ƙafafun teburin cikin gwangwanayen toka. Ya ce a'a, ɗalibai 'yan taɓe-taɓe ne, gida zai kai. Ashe ƙarƙashin gado ya tura shi, jikin bango, a ɗakin ƙasa, ruwa yana sauka kullum. Mako uku.

Saura kwana huɗu tafiya, ranar Talata da hantsi, sai ga Malam da akwati a kan keke. Bai yi sallama ba. Ya sauke a gabana ya buɗe, ya koma ya jingina da bango. Kyankyasai suka watse ta ko'ina. Na ɗaga na farko, bango ya zauna a hannuna, takardu suka zube. Sun lashe kunun tas, sun ci alawayyo, gara ta bi ta ƙasan katako ta yi hanya a cikin guda biyar. Goma sha biyun nan babu mai rai.

“Gwaggo, za ki iya sakewa kafin Asabar?”

Na ce jiƙon maɗaci kwana biyu, ɗinki kwana huɗu in ban tashi ko salla ba, danna kwana uku a rani, a damina kuwa sai abin da Allah ya yi. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya goge, ya sake gogewa. Ya ce in ya je hannu rabbana, ƙungiya za ta ce ya yi ƙarya don a biya masa jirgi, ba shi ba, ba kwalejinmu ba har abada. In bai je ba kuwa, benci.

Ina kwashe tarkacen sai hannuna ya kai kan ƙamus ɗin nan na toshe gurbi. Na fito da shi, na kaɗe, na buɗe. Lafiyarsa lau. Kashin kyankyaso duk ya rufe bangon, amma ko gefe ba su ɗanɗana ba. Na ajiye shi a kan tebur, na ajiye cinyayye ɗaya kusa da shi.

Na ce, “Malam, ka rufe akwatin nan yadda yake ka tafi da shi.”

“In kai wa farfesoshi kashin kyankyaso?”

“Akwati ɗaya, ɗaki ɗaya, ƙwaro ɗaya. Sun ci goma sha biyu sun bar ɗaya. In masana ne, za su tambaye ka dalili. In ba su tambaya ba, da ma can ba su da abin da za su ba ka.”

Bai yarda a ranar ba. Laraba ya yini yana zaga kantoci yana neman wata dabara. Alhamis ya zo ya ce in zaɓo masa tsofaffin gyarana guda shida, masu tabon nan da yake ƙi. Na haɗa masa da ƙullin sassaƙe da kunu cikin gwangwanin madara. Jumma'a ya sake rubuta jawabinsa tun daga farko. Asabar ya hau motar Kano, akwati a cinya, ya miƙo mini makullin ɗaki ta taga. Ya ce kwana goma zai yi, zai dawo saura kwana shida a buɗe makaranta.

Kwana goma suka cika, babu Malam. Sha ɗaya, babu Malam. Waya ba mu da ita a lokacin sai ta ofishin hakimi, ita ma in an yi ruwa ta mutu. Masinja ya ce ya ji a tasha ruwa ya yanke hanyar jirgi a can kudu, fasinja suna zube a wani ƙauye. Wani ya ce a'a, an gyara. Ban san ko an karɓe shi a taron ba, ban san ko an kore shi da akwatinsa ba. Ranar Jumma'a na ga Sale kafinta yana jera sababbin bencina a baranda, yana ƙirga su da baki.

Ya ce, “Asabe, ki fara ɗaure kayanki. Malamin naki ya ga Ibadan ya ga fitilu, ya manta da ku.”

Na ce, “Kai dai ji da ƙusarka, bencinka na bara har yanzu yana cizon mutane.”

Na mayar masa, amma Litinin saura kwana uku.

Aikin da na yi Asabar da Lahadin nan, ban taɓa yin irinsa ba, kuma ban sake ba. Akwai jiƙon maɗaci da na tanada tun tafiyar Malam. Na aro babbar tukunya a kicin ɗin makaranta na dama kunu cike da ita. Na kwaso asibiti kaf, waɗanda na riga na ɗinka suna jiran bango, da waɗanda bangonsu ya saki, sun fi ɗari. Abu ɗaya ne ya dame ni. Kullum Malam ne ke haɗa mini kowane littafi da bangonsa ya ɗaure da zare, tunda ni ba na karanta abin da ke kai. Yanzu ga tulin littafi, ga tulin bango, babu Malam. Na bi girma da launi da kaurin baya, na yi bisimilla. Matan kicin biyu suka taya ni ɗauko duwatsu daga gindin tsauni, tun safe har la'asar, sai da wuyanmu ya ƙage. Duk wanda na liƙa sai in shimfiɗa shi a dabe in ɗora dutse. Daga ƙuryar ɗaki na faro, ina ja da baya, ina ja da baya, har na kai bakin ƙofa. Ban bar wurin da mutum zai sa ƙafa ba.

Litinin da safe Firinsifal ya zo, Sale da leburori suna biye da benci a ka. Na buɗe ƙofa na durƙusa a gefe. Ya leƙa. Ɗaki ya zama kamar an shanya duwatsu.

“Mene ne wannan?”

“Gyara ne, ranka ya daɗe. Na ga za a kai su sito, na ce kada a kai su a yage.”

“To a kwashe.”

“Ranka ya daɗe, ɗanye ne. In aka ɗaga yanzu, sun lalace duka. Kayan gwamnati ne, ni dai ba zan sa hannuna ba, amma in ka ba da umarni ga su nan.”

Sale ya ce, “Ranka ya daɗe, matar nan wayo take yi.”

Firinsifal ya ce ya rufe masa baki. Ya tsuguna ya ɗan ɗaga dutse ɗaya, ya taɓa, kunu ya kama masa yatsa. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya san abin da na yi, na san ya sani.

“Yaushe za su bushe?”

“Kwana uku a rani, ranka ya daɗe. Yanzu kuwa damina ce.”

“Kwana uku na ji,” in ji shi. “Alhamis da safe, ko sun bushe ko ba su bushe ba.”

Aka mayar da benci baranda. Ranar aka yi ruwa, ina ganin ɗalibai tamanin ɗin nan suna gudu daga gindin bishiya, littattafan rubutunsu a cikin riga. Ba zan ce muku ban ga alhakinsu ba. Talata na yini a bakin ƙofa, ido a kan hanya. Duk motar da ta tsaya sai in miƙe. Laraba da safe na taɓa na bakin ƙofa, sun bushe ƙarau. Iskar da ban roƙa ba ta zo ta yi aikinta. Ba ni da sauran kunu, ba ni da sauran dabara.

Bayan azahar wata motar albasa ta tsaya a bakin titi. Wani ya diro daga saman buhuna, riga ta yi baƙi, tabarau a ɗaure da zare. Babu akwati a hannunsa. Malam ne. Bai tsaya wajena ba, ya wuce kai tsaye ofis, na bi shi na tsaya a bakin taga.

Ya zaro wata takarda daga cikin hularsa, a naɗe cikin leda. Firinsifal ya karanta, ya juya bayanta, ya sake karantawa, ya shafa hatimin da babban yatsa.

“Ina akwatin?”

“Sun riƙe, ranka ya daɗe. Makarantar koyon aikin laburare ce ta roƙa, za su riƙa nuna wa ɗalibai.”

“Da kyankyasan?”

“Har da su. Da na buɗe, ɗakin taro ya kwashe da dariya, na ce shi ke nan, na mutu. Sai wata dattijuwa, shugabar laburaren wata jami'a, ta taso ta ɗauki ƙamus ta jujjuya. Ta sa yatsa a gwangwani ta kai baki. Ranka ya daɗe, sai da aka kawo mata ruwa. Da ta gama tofarwa ta ce kowa ya yi shiru, in sake faɗa daga farko, a hankali, tana rubutawa. Ashe su ma ƙwari sun ishe su, maganin da suke saye daga waje kuma yana sa ma'aikatansu tari. Za su turo masu duba ɗaki bayan damina, da kantoci na ƙarfe.”

Firinsifal ya leƙo ta taga ya ce, “Sale! Kai bencin nan ɗakin cin abinci. A ci da rana, a yi karatu da safe, har a gina.” Sannan ya dube ni ya ce, “Ke kuma a kwashe mini duwatsun nan kafin wani ya karye.”

Muka kwashe, muka jera littattafai a kanta. Kwana biyu da buɗe ɗaki sai ga wani ɗalibi ya dawo da littafi, ya ajiye a gaban Malam.

“Malam, lissafi na ara, na je na tarar da kiwon kaji.”

Kafin azahar wani ya kawo tarihin ƙasa mai koyar da ɗinkin keke a ciki. Malam ya rufe ƙofa, muka sauke duk abin da na liƙa, yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Goma sha tara na sa wa rigar wani. Ga kunun ya kama kamar ƙarfe, sai an jiƙa a hankali da tsumma kafin ya saki. Mun kai har kaka muna ɓamɓara.

Ranar da muka gama na ƙarshe, Malam ya haɗa shi da bangonsa na gaskiya, ya ɗaure da zare, ya miƙo mini da hannu biyu.

Ya ce, “Gwaggo, don girman Allah, daga yau ko gobara ce ta tashi, ki jira ni in haɗa miki bango.”

Na karɓa na ce, “To, Malam. Kai ma daga yau ka riƙa dawowa ranar da ka ce.”